Agogon kwamfuta ya ƙi zama daidai duk da saitin intanet: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Bauchi, kuma da wuya wata ya ƙare wani bai shigo shago da maganar agogo ba. Masu shagon buga takardu na wajen Wunti, ɗaliban Yelwa da Gwallameji, masu kula da ɗakin kwamfuta na makarantu, duk kukansu ɗaya ne: an kunna saitin da ke ɗauko lokaci daga intanet, amma agogo yana yin abin da ya ga dama. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Na kunna saitin ɗauko lokaci daga intanet. Me ya sa agogon bai daidaita ba?

Domin kunna saitin daban, samun amsa daban. Abin da ka yi shi ne ka ba kwamfuta izinin ta riƙa tambayar wata sabar, wato kwamfutar da ke ba wasu lokaci, a intanet, "ƙarfe nawa?" Ko tambayar ta isa, ko amsa ta dawo, ko kwamfutar ta yarda da amsar, wannan maɓallin ba ya gaya maka ko ɗaya.

Tsarin da ake wannan tambaya da shi sunansa NTP. Wani malamin jami'a a Amurka, David Mills, shi ya tsara shi, an fitar da bayaninsa na farko a 1985, kuma har yau da shi duniya ke saita agogunan na'urori. NTP ba ya riƙe da agogonka kowane lokaci. Lokaci-lokaci yake leƙowa, ya auna tazarar da ke tsakaninka da sabar, ya gyara, ya koma. A tsakanin leƙowa biyu, agogon yana tafiya ne da ƙafarsa. Tsohuwar Windows 7, a saitinta na asali, sau ɗaya tak take tambaya a mako.

To me ke sa agogon kwamfuta gudu ko latti tun farko?

Agogo biyu ne a ciki. Na farko yana kan bod, wato babban allon kwamfuta, yana aiki da ɗan ƙaramin batir ko da an kashe komai. Wani ɗan kiristal ne ke motsa shi, mai kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. Na biyu na manhaja ne: idan aka kunna kwamfuta, Windows ko Linux ta karanta agogon bod sau ɗaya, daga nan ta ci gaba da ƙirge da kanta. Lokacin da kake gani a kusurwar allo na biyun ne.

Babu kiristal ɗin da yake kaɗawa daidai cif. Ana auna kuskurensa da kashi cikin miliyan, a rubuce ppm. Rana tana da sakan 86,400, don haka kuskuren ppm 20, wanda ba abin mamaki ba ne a kwamfuta mai lafiya, yana ba da sakan 1.7 a rana, kusan sakan 12 a mako, kusan minti guda a wata. Riƙe wannan lissafin. Idan kwamfutarka tana kauce wa da sakan ɗaya ko biyu a rana, halinta ne, NTP kawai take buƙata. Idan minti biyar take ci a yini, ruwa ba ya tsami banza, akwai wani abu.

Minti biyu ko uku ne fa kawai. Har ya kai a damu?

Ya kai. Lambobin sirri da manhajar tantancewa ke bayarwa suna sauyawa ne duk sakan 30, kuma da agogon na'ura ake lissafa su. Agogo ya kauce da minti biyu, lamba ta ƙi shiga. A ofisoshin da kwamfutoci ke ƙarƙashin sabar Windows guda, bambancin da ya wuce minti 5 kan hana ma'aikaci shiga da sunansa. Idan kuma kwanan wata ne ya ɓaci, burauza za ta ƙi buɗe shafukan banki da na rajistar jarrabawa, domin a ganinta takardar shaidar shafin ba ta fara aiki ba tukuna, ko ta ƙare. Na sha ganin mutum ya sayi sabuwar data yana zagin sabis, alhali agogo ne.

Daga ina zan fara bincike?

Daga awo, kafin ka taɓa kowane saiti. Wannan ce amsar da na fi so kowa ya karanta, domin yawancin masu kawo mini aiki sun riga sun sauya sabar sau uku, sun sake ɗora Windows, ba su taɓa zama sun rubuta yawan kuskuren ba.

Ɗauki wayar da ke karɓar lokaci daga layin sadarwa, ko ka buɗe shafin time.is. Da safe ka rubuta bambancin, har da sakan. Da azahar ka sake, da magariba ka sake, kwamfutar tana kunne. Sai ka kashe ta ta kwana, ka duba da zarar ka kunna da safe. Ka yi haka kwana biyu. Takardar nan za ta nuna maka siffar ciwon, kuma kowace siffa da inda take nunawa.

Idan bambancin awa ɗaya ne cif ko awanni cikakku, mintoci kuwa daidai, maganar shiyyar lokaci ce. Duba tambayoyi biyu masu biye da wannan. Idan agogo lafiya lau yake da rana amma ya ɓaci bayan an kashe, je ka ga amsar batir. Idan kuskuren yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba ya komawa, NTP ba ya isowa. Karanta amsoshin Windows, Linux da ƙofa ta 123. Idan yana taruwa sai ya gyaru farat ɗaya, sai ya sake taruwa, ana samun amsa amma tazarar tambaya ta yi nisa. Idan kuwa yana tsalle gaba da baya ba tsari, akwai masu saiti biyu da ke jayayya a kansa.

Agogona ya wuce da awa ɗaya daidai, kuma da can lafiyarsa ƙalau. Me ya faru?

Wata Hajiya mai shagon buga takardu ta taɓa kawo mini kwamfutarta a farkon Afrilu. "Injiniya, zafin nan ya taɓa ta. Tun shekaranjiya awa guda take gaba, na gyara da hannu, an jima ta koma." Na ce, "Hajiya, tokumbo ce?" Ta ce e, watanni huɗu ke nan da saye. Na buɗe saitin lokaci, sai ga shiyyar Jamus a zaune. A lokacin sanyi, Jamus da Faransa agogonsu ɗaya da namu, awa ɗaya gaba da UTC, wato lokacin da duniya ke auna shiyyoyi da shi, shi ya sa ba ta ga komai ba tun Disamba. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sukan tura agogo gaba da awa guda, su mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Kwamfutar Hajiya ta bi mutanen ƙasarta ne kawai.

Ingila kuma akasin haka: da bazararsu agogonsu ya yi daidai da namu, ƙarshen Oktoba su koma baya da awa ɗaya. Najeriya ba ta wannan sauye-sauyen. A Windows ka zaɓi West Central Africa, a Linux ka ba da umarnin `timedatectl set-timezone Africa/Lagos`. Kada ka gyara awar da hannu ka bar shiyyar a karkace. NTP lokacin UTC yake kawowa, kwamfuta ce ke ƙara awannin shiyya, don haka duk sanda aka daidaita sai ta mayar da kai inda ka fito.

Ina da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Duk sanda na sauya sai awa ɗaya ta ɓace.

Ɗalibai ne suka fi kawo wannan. Windows tana ɗaukar agogon bod a matsayin lokacin gida, Linux kuwa tana ɗaukarsa a matsayin UTC, kowace ta rubuta nata a kansa. Sai ka sa su yarda da abu ɗaya. Hanya mafi sauƙi, a Linux: `timedatectl set-local-rtc 1`. Zai yi maka gargaɗi, amma tunda ba ma sauya agogo da kaka ko bazara, a nan ba ya kawo matsala. Wanda ya saba da rajistar Windows, wato Registry inda take ajiye saitunanta, zai iya bin ɗaya hanyar, ya ƙirƙiri RealTimeIsUniversal ya ba ta 1. Ɗaya za ka yi, ba duka biyu ba.

Duk sanda aka ɗauke wuta, kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Batir ne?

Kusan ko yaushe. A kwamfutar tebur batirin yana zaune a kan bod, fari mai faɗin sulalla, an rubuta CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Idan kwamfuta tana jone da wuta, ko a kashe take, bod ɗin ba ya jan batirin sosai. A garin da wuta ke tafiya ta daɗe, ko shagon da ake zare soket kowane dare, batirin ne ke ɗauke da agogo shi kaɗai, shi ya sa namu ke saurin mutuwa. Ni ina aunawa da mita, idan ya sauko wajen 2.7 na canza shi ba jira. Ka sayi mai kyau. Wanda ya shekara a rana a kan teburin mai kaya ya riga ya gaji kafin a saka shi. A laftof yawanci an naɗe shi da baƙar roba da 'yan wayoyi biyu, wasu sababbi kuma ba su da shi, babban batirin ke riƙe agogo.

Mutane kan ce, to ai akwai intanet, me ya hana ta gyara? An gina manhajojin da ke saita agogo ne da taka-tsantsan. Tsohon ntpd, mai saita agogo a Linux, idan ya ga bambanci ya wuce sakan 1,000, wato minti 16 da ɗoriya, sai ya ƙi taɓawa ya fita, sai dai an tashe shi da `-g`. Windows ma tana da iyakarta, awa 15 a saitin asali na kwamfutar da ba ta ƙarƙashin sabar ofis. Hikimar ita ce kada wata sabar da ta ruɗe ta jefa ka wata shekara. Don haka bayan canza batir, ka shiga BIOS, wato saitin bod da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka saita kwanan wata da lokaci da hannu, kusa da daidai, sannan ka bar NTP ya ƙarasa.

Yaya zan tabbatar Windows tana samun lokaci da gaske?

Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta `w32tm /query /status`. Layi biyu za ka duba: na Source, da na ranar da aka yi nasarar daidaitawa ta ƙarshe. Idan ka ga sunan sabar, kamar time.windows.com, da kwanan wata na kusa, madalla. Idan ka ga Local CMOS Clock ko Free-running System Clock, kwamfutar kanta take tambaya, kanta take ba amsa. Idan aka ce hidimar lokaci ta Windows ba ta tashi ba, rubuta `net start w32time`, sannan `w32tm /resync`.

Umarnin da na fi amfani da shi shi ne `w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:5 /dataonly`. Ba ya gyara komai, aunawa kawai yake. Zai jero layi biyar, kowanne da bambancinka da sabar a sakan. Idan lambar kuskure ta fito a maimakon lissafi, hanya a toshe take. Wuce zuwa amsar ƙofa ta 123. Idan lissafi ya fito lafiya amma agogo na taruwa tsakanin daidaitawa, ka rage SpecialPollInterval a rajista zuwa 3600, wato awa-awa, ka sake tashin hidimar. Wannan na kwamfutar gida ko shago ne. Wadda ke ƙarƙashin sabar ofis daga sabar take karɓa, can za a gyara.

A Linux fa?

Fara da `timedatectl`. Akwai layi mai cewa NTP service, akwai mai cewa System clock synchronized. Sau da yawa za ka tarar na farko active, na biyu no. Wannan shi ne ainihin abin da na faɗa a amsar farko, a rubuce a gabanka.

Idan chrony, wani mai saita agogo na Linux, kake amfani da shi, `chronyc sources` zai jero sabobin. Wadda aka sa wa alamar tauraro ita ake bi; alamar tambaya na nufin ba a ji daga gare ta ba. Duba ginshiƙin Reach: 377 na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun sami amsa, 0 na nufin ko ɗaya. `chronyc tracking` kuma zai nuna maka Frequency, wato kuskuren agogonka a ppm, ka gwada da lissafin da muka yi a sama. Mai ntpd ya yi `ntpq -p`, karatun kusan iri ɗaya ne.

Intanet yana aiki, ina buɗe kowane shafi, amma lokaci ba ya zuwa. Ta yaya?

Ba ƙofa ɗaya suke bi ba. Shafukan intanet suna bi ta 80 da 443, NTP kuwa ta 123 yake bi, a kan tsarin aika saƙo mai suna UDP. Ana iya buɗe waɗancan a rufe wannan.

An taɓa kirana wata makaranta, ɗakin kwamfuta mai na'ura talatin. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon allunan: wannan 10:04, ta kusa da ita 10:09, ta lungu 9:57. Mai kula da ɗakin ya ce, "Malam, wallahi duk na kunna musu saitin, ɗaya bayan ɗaya." Gaskiya ya faɗa, ya yi aikinsa. Wanda ya haɗa musu rauta ne tun farko ya rufe komai a katangar tsaro ban da ƙofofin burauza, don kada yara su cinye data, bai tuna da agogo ba. Muka buɗe UDP 123, muka yi `w32tm /resync` a layin gaba, kafin a tashi tara duk allunan sun zama baki ɗaya.

Gwaji mai sauƙi: haɗa kwamfutar da hotspot na wayarka, ka sake umarnin awo. Idan ya yi aiki a nan ya ƙi a waifai na ofis, ka san inda za ka nufa. Manhajar kashe bairos mai katangarta, da wasu manhajojin VPN, su ma sukan tare wannan ƙofa.

Ko janareto ne ke sa agogon gudu?

A'a. Agogon kwamfuta kiristal yake bi, ba ya ƙirga bugun wutar soket. Wasu tsofaffin agogunan tebur masu rediyo ne ke ƙirga bugu 50 na wutar gari, su kan yi gudu idan janareto ya yi gudu. Abin da wuta marar tsayawa ke yi wa kwamfuta shi ne yawan mutuwa da tashi, kuma kowane tashi daga agogon bod ake farawa.

Zafin Maris da Afrilu yana da hannu?

Yana da shi, amma kaɗan. An yanka kiristal ɗin agogon bod ne don ya fi daidai a wajen digiri 25. Yana nisa da nan, sama ko ƙasa, sai ya rage sauri. A cikin akwatin da ya kai digiri 45, abin bai wuce kimanin sakan ɗaya a rana ba. NTP mai aiki yana shanye wannan ba tare da ka sani ba. Don haka ka busa ƙurar hunturu daga fanka saboda lafiyar na'urar, amma kada ka ɗora wa zafi laifin mintoci.

Agogon yana tsalle gaba, an jima ya dawo baya. Mene ne wannan?

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A Linux, ka tabbatar ɗaya kawai ke aiki cikin chrony, ntpd da systemd-timesyncd, kuma babu wani tsohon umarnin ntpdate da aka bari a cron, mai tayar da umarni lokaci-lokaci. A Windows, ka cire duk wata manhajar saita agogo da aka ɗora daga waje.

Inda abin ya fi yawa shi ne kwamfutar da ake tayarwa a cikin wata kwamfutar, da VirtualBox, VMware ko Hyper-V. Kayan haɗin da ake ɗora wa baƙuwar suna jan agogonta zuwa na uwar gida, NTP kuma yana ja zuwa na intanet. Idan agogon uwar gidan ya karkace, sai a yi ta ja-in-ja. Gyara na uwar gida tukuna, sannan ka zaɓi wanda baƙuwa za ta bi.

Komai ya nuna an haɗu da sabar, amma kuskuren ba ya raguwa, ko yana raguwa kamar tafiyar hawainiya.

Idan yana raguwa, ka yi haƙuri, da gangan ne. Masu saitin ba sa son fizgar agogo, musamman baya, domin rumbun bayanai da rajistar aiki kan rikice idan lokaci ya maimaita kansa. Sukan ɗan rage ko ƙara masa sauri har ya iso. A ntpd iyakar wannan lallaɓawa ppm 500 ce, wato gyaran sakan ɗaya na cin sakan 2,000, fiye da rabin awa. Idan kana gaggawa kuma ba wani aiki mai muhimmanci a kai, `chronyc makestep` zai gyara nan take.

Idan kuwa ƙaruwa yake yi, koma ga takardar awonka. Ppm 500 daidai yake da sakan 43 a rana. Agogon da ke kauce wa fiye da haka ya fi ƙarfin ntpd. Abu biyu nake dubawa. Na farko, fayil ɗin da mai saitin ke ajiye kuskuren da ya koya, mai suna drift, a ƙarƙashin `/var/lib/chrony` ko `/var/lib/ntp`. Idan ya koyi ƙarya a ranar da sabis ke rawa, zai yi ta gyara kuskuren da babu shi. Tsayar da hidimar, goge fayil ɗin, sake tayarwa. Na biyu, abin da Linux ke ƙirge da shi: duba `dmesg` ko akwai ƙorafi a kan tsc, wato maƙirgin cikin furosesa, sannan ka karanta `current_clocksource` a ƙarƙashin `/sys/devices/system/clocksource/clocksource0`. A wasu tsofaffin na'urori, komawa wani maƙirgin mai suna hpet ko sabunta BIOS na kawo ƙarshen zancen. Idan duk an yi bai daina ba, bod ɗin ne, kuma gara a faɗa wa mai kaya gaskiya.

Da datar waya nake aiki. Wace sabar ta fi, kuma daidai nawa zan samu?

NTP yana ɗauka cewa tafiyar tambaya da dawowar amsa tsawonsu ɗaya. A layin waya ba haka ba ne, musamman da yamma idan layi ya cunkushe. Amma kuskuren da wannan ke jawowa ba ya wuce rabin lokacin zuwa da dawowa. Idan milisakan 200 ne, kuskuren bai wuce 100 ba. Idonka ba zai gani ba, banki ma ba zai damu ba. Datar da NTP ke ci kuwa ba a maganarta.

Ka sa sabar uku ko huɗu, domin idan ɗaya ta yi ƙarya sauran su rinjaye ta. Akwai pool.ntp.org da reshenta africa.pool.ntp.org, akwai time.cloudflare.com. Ta Google, time.google.com, tana da kyau, sai dai idan aka ƙara sakan na gyaran juyawar duniya, ita shimfiɗa shi take yi a tsawon awanni, don haka ba a son gauraya ta da sauran. Rabon da a ƙara irin wannan sakan tun ƙarshen Disambar 2016.

A ofishinmu akwai kwamfutoci da yawa, da kyamarar tsaro, da na'urar dangwala yatsa. Kowace da lokacinta.

Zaɓi na'ura ɗaya da ke kan inbata ko sola, wadda ba ta mutuwa. Ita kaɗai za ta tambayi intanet, sauran su tambaye ta. A chrony layi ɗaya ne, `allow` da adireshin netwok ɗinku. Da ƙarin `local stratum 10` za ta ci gaba da ba su lokaci ko da data ta ƙare, kowa ya zauna a kan agogo guda. Akwatin naɗar kyamara da yawancin na'urorin dangwala yatsa suna da gurbin saka adireshin sabar lokaci, kuma suna da ɗan batirinsu da ke mutuwa kamar na kwamfuta. Ka duba musu shiyya ma, don da yawa da ta Sin suke zuwa, awa 7 gaba da mu. Ranar da aka nemi hoton ƙarfe biyun dare saboda an yi sata, ko aka yanke wa ma'aikaci albashi kan lattin da bai yi ba, ranar ake gane darajar wannan ɗan aikin.

Inda babu intanet sam, kamar wasu asibitoci da makarantun ƙauye, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da na'urar GPS mai fitar da bugu ɗaya duk sakan (PPS) ta isa ta zama sabar lokaci, eriya kawai take so ta ga sama. Ka tuna Pi 4 da na gabanta ba su da agogon bod, sai a haɗa musu ɗan allon agogo DS3231, wanda kuskurensa bai wuce ppm 2 ba a zafin ɗaki, kimanin minti ɗaya a shekara.